Tayar motar gudu a zafin Saudiyya: abin da ake dubawa kafin a biya, da abin da ake tsarewa wajen ɗauri

Samarinmu na Jidda da Makka da Riyad sun daɗe da gano cewa motar gudu ta hannu ba ta fi ƙarfin mai albashi ba. Mustang, Camaro, Challenger, tsohuwar BMW mai harafin M, duk ga su nan a shafin saye da sayarwa na Haraj da filayen gwanjon motoci, kuma idan mutum ya ɗaure ciki ya yi tari zai karɓi mukulli. Lissafin da aka fi mantawa da shi shi ne na taya. Darajar mota tana sauka kowace shekara, amma kuɗin tayarta ba ya sauka tare da ita. Wanda ya sayi motar a hannu na uku, abin da mai hannu na farko ya biya a shagon taya shi ma shi zai biya, har da harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kaya tun watan Yulin 2020. Ranar da aka gaya masa kuɗin guda huɗu, dubban riyal a zama ɗaya, a ranar yake fara neman inda zai rage, kuma yawanci inda bai kamata ba nan yake ragewa.

Duk ƙarfin inji, duk kamun birki, duk abin da sitiyari ya umarta, ta wurare huɗu yake isa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu faɗi da yawa ba. Domin wannan ɗan wuri ya riƙe mota mai ƙarfin doki 450 a cikin kwana, masu ƙera taya sukan tausasa robar da ke taɓa kwalta don ta manne, su gajarta gefen tayar su kuma ƙarfafa shi don kada ya lanƙwashe, sannan su rage ramukan zane, musamman a kafaɗar waje, don roba mai yawa ta zauna a ƙasa. Kowanne da abin da yake ci. Roba mai taushi saurin sudewa take yi. Gajeren gefe ba ya shanye rami, sai ya miƙa dukan ga rim. A jikin taya akwai kalmar Treadwear da lamba a gabanta, wadda ke nuna juriyar roba. Tayar motar gida takan kai 500 ko fiye, Michelin Pilot Sport 4S kuwa 300 ce, waɗanda aka yi domin filin tsere kuma 200 ko ƙasa da haka. Kowane kamfani shi yake sa wa tayarsa wannan lamba, don haka ba a auna 300 ɗin wannan da 300 ɗin wancan kai tsaye, amma tana nuna wa mutum ajin da yake ciki. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai motar gudu da ke ƙorafin taya ta ƙare da wuri, a kan abin da ya biya kuɗi ya saya yake ƙorafi.

Rubutun da ke gefen taya ba shi da wuyar karatu idan an warware shi sau ɗaya. A ɗauki 245/40 ZR18 97Y. Lambar farko faɗin tayar ce, milimita 245. Ta biyu tsayin gefe ce, amma a matsayin kaso na faɗin, wato kashi 40 cikin 100 na 245, milimita 98 ke nan. R ɗin da ke cikin ZR na nufin tsarin igiyoyin ciki irin na zamani, 18 kuma faɗin rim ne a inci. Mafi yawan masu saye a nan suke tsayawa, su kira wa mai shago lambobin nan uku a waya su ce ya duba musu mai sauƙi. Alhali 97Y ɗin da ke ƙarshe ita ce ta raba tayar motar gudu da mai kama da ita. Lamba 97 nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka ne, kilo 730. Da 91 ce, kilo 615 ke nan, da 100 ce, kilo 800. Harafin kuma iyakar gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Idan aka ga an kewaye lambar da harafin da baka biyu, tayar ta wuce 300. Idan akwai XL, an ƙarfafa ta ta ɗauki nauyi fiye da takwararta mai girma ɗaya, kuma motar da kamfani ya ce a sa mata XL ba a sa mata wadda ba XL ba. Duk wannan yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba da kuma littafin motar.

A nan gardama take tasowa. Za ka ji saurayi yana cewa dattijon da ke shagon banshar, wato shagon taya da faci, "Baba, ina zan yi gudun 300 a ƙasar da kyamarar Sahir ke kowane lungu? Ba ni mai V kawai." Hujjarsa tana da kama da gaskiya, tunda titin da ya fi kowanne sakin mara, irin na Makka zuwa Madina, 140 ne iyakarsa. Amsar dattijon da ya san aikinsa takan zama, "Ɗana, ba gudun kake saye ba, haƙurin zafi kake saye." Gaskiyarsa ke nan. Ana gwada wannan harafi ne a kan na'ura, a yi ta juya tayar da nauyi a kanta har a ga inda zafi zai rinjaye ta. Tayar da ta ci jarrabawar Y tana da ƙarin ɗauri a saman wayoyin ƙarfenta, robarta kuma tana fitar da zafi da sauri. A kan titin Hijira, wato na Makka zuwa Madina, da tsakar ranar Yuli, da 140 ma tana amfani da wannan rarar. Ga kuma gefe mai ƙarfi da aka saita motar a kansa. Idan aka sauko aji, sitiyari zai yi lako-lako, birki kuma ya ƙara tsawo. Kusa da Treadwear akwai Traction da Temperature. Na farko kamun jiƙaƙƙen titi ne, AA shi ne ƙololuwa. Na biyu juriyar zafi ne, A, B ko C. A wannan ƙasa, a kan irin wannan mota, ban ga dalilin sayen abin da ba A ba.

Zafi shi ne kan maganar gaba ɗaya, kuma Saudiyya tana da tarihi a kai. A 1999 kamfanin Ford ya fara sauya tayoyin Firestone a kan motocin Explorer a nan Saudiyya saboda saman tayar yana ɓallewa ana cikin gudu, shekara guda kafin a janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka a watan Agustan 2000. Kamfanonin biyu sun yi ta jifan juna da laifi, ɗaya yana cewa ƙirar taya ce, ɗaya yana cewa ƙarancin iska ne da yanayin motar. Abin da ya fito fili shi ne matsalar ta fi bayyana a wurare masu zafi. Daga wannan rikici ne Amurka ta yi dokar da ta wajabta na'urar gargaɗin iska a kan sababbin motoci tun daga 2007, wato ɗan fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direba.

Yadda zafi ke kashe taya ba shi da sarƙaƙiya. A kowane juyi, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsawa ya miƙe. Wannan lotsawa ita ke haifar da zafi a ciki, kuma idan iska ta yi ƙaranci lotsawar sai ta ƙaru. Zafin ciki ya haɗu da na kwalta, a ƙasar da ma'auni ya kai digiri 51.8 a Makka lokacin Hajjin 2024, sai mannin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfe ya fara saki. Shi ya sa al'adar da wasu suka gada ta rage iska lokacin bazara, wai don kada taya ta fashe, take janyo ainihin abin da ake gudu. Iskar taya, wadda ake aunawa da psi, tana hawa kusan psi 1 a duk ƙarin digiri 5 zuwa 6, kuma bayan doguwar tafiya ba abin mamaki ba ne a tarar ta ƙaru da psi 4 ko 5. Masu ƙera tayar sun san da wannan, sun sa shi cikin lissafi. Lambar da ke jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce, don haka da safe ake aunawa kafin a motsa mota. Wanda ya tsaya a gidan mai a tsakiyar hanya ya ga geji ya hau ya ce a rage masa, gobe da safe zai tashi da taya mai ƙarancin iska. Fitilar gargaɗi kuma ba abin jira ba ce, domin yawanci sai iska ta sauka da kashi 25 cikin 100 take kamawa. Tayar da ya kamata ta zauna a 36 sai ta kai 27. Ga shi taya mai gajeren gefe ba ta nuna wa ido cewa ta yi ƙasa.

Sai shekaru. Roba tana tsufa ko an yi tafiya da ita ko ba a yi ba, kuma zafi yana gaggauta tsufan. A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga cikakken layin, sai an juya tayar. Ma'aikatar kasuwanci ta hana sayar da tayar ƙaramar mota da ta wuce wata 24 da ƙerawa, ta kuma hana sayar da tayar da aka riga aka yi amfani da ita. Wanda aka yi wa ba daidai ba yana da lambar 1900 da manhajar ƙorafi ta ma'aikatar. Amma wasu sun wuce gona da iri, sai su ce lallai sai tayar wannan watan. Tayoyin nan ta jirgin ruwa suke zuwa daga Turai da Japan da sauran wurare su sauka a tashar Jidda ko Dammam, kuma girman da ba a cika nema ba yakan daɗe a ma'aji. A watan Oktoban 2023 asusun zuba jari na gwamnati ya ƙulla yarjejeniya da Pirelli don gina masana'antar da za ta riƙa fitar da taya miliyan 3.5 a shekara a cikin ƙasar, amma girman da ya keɓanta da motar gudu ɗaya ko biyu, a nawa hasashen, zai ci gaba da zuwa daga waje. Tayar wata takwas da aka ajiye a inuwa ta fi ta wata uku da aka jera a bakin shago rana tana dukanta. Idan na shiga shago, inda aka ajiye kayan nake fara kallo.

Tayar gwanjo kuwa, irin wadda muka saba da ita a gida da sunan 'yar Kwatano, ana samunta a nan ma ta bayan fage, a tashlih, wato filin da ake kwance tsoffin motoci, ko hannun wanda ya sauya rim. Zanenta zai iya zama cike, amma babu wanda zai gaya maka ko ta taɓa yin tafiya ba iska, ko ta daki gefen titi igiyar ciki ta tsinke. A kan motar da ke kai 100 cikin daƙiƙa biyar, wannan caca ce. Haka tayar da mutum ya tarar a kan motar da ya saya. Michelin tana cewa a riƙa duba taya kowace shekara idan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya take. Kamfanonin mota da yawa shida suke cewa. A zafin Hijaz, ni dai tayar gudu da ta kai huɗu zuwa biyar na daina amincewa da ita ko da zanenta bai ƙare ba, musamman idan ƙananan tsagu sun fara fitowa a cikin ramukan.

Akwai wasu ƙananan alamomi da ke rikita mai saye: tauraro ga BMW, MO ko MO1 ga Mercedes, AO ga Audi, K1 ga Ferrari, da harafin N ga Porsche. Ma'anarsu ita ce an gyara wannan taya ta dace da motar wannan kamfani, a taurin gefe ko haɗin roba ko siffar kafaɗa, duk da cewa sunanta da girmanta ɗaya ne da wadda ba ta da alamar. Ga Porsche 911, wadda injinta ke bayan ƙafafun baya, bin wannan alama yana da ma'ana sosai. Ga Mustang ko Challenger ta shekara takwas da ake zuwa aiki da ita, kyakkyawar taya mai girma da nauyi da harafin gudu daidai ta wadatar. Abin da ba a yi shi ne a haɗa mai alama da marar alama, ko kamfani biyu, a ƙafafu biyu na gaba ko biyu na baya.

Batun nau'i ba ya buƙatar dogon bayani a yawancin ƙasar. Tayar bazara, ajin Pilot Sport da P Zero da Potenza Sport da SportContact, ita ta dace da Jidda da Makka da Riyad duk shekara, kuma sunanta kada ya ruɗi kowa, tana kama jiƙaƙƙen titi sosai. Rauninta sanyi ne. Ƙasa da digiri 7 robarta takan yi tauri, abin da zai shafi mai zama a Tabuk ko Turaif, ko mai fita da asuba a Abha cikin hunturu. Wadda nake tsoratar da samari a kanta ita ce ta filin tsere mai ƙarancin zane, irin Cup 2 ko Trofeo R. A filin Dirab kusa da Riyad, bayan ta ɗauki zafi, babu kamarta. A titin Jidda ranar da sama ta buɗe, irin ruwan Nuwamban 2022, ba ta da ramukan da za su kori ruwa, sai motar ta hau saman ruwa ta daina jin sitiyari. Ko ruwa kaɗan ne, na farko bayan watanni na ƙura da ɗigon mai shi ya fi santsi. Saboda wannan ne ma ba a jiran zane ya kai milimita 1.6 na ƙarshe, inda 'yan gadojin da ke cikin ramuka ke daidaita da saman taya. Faffaɗar taya tana fara iyo da wuri, a milimita 3 ya kamata a fara shiri.

Motocin gudu da yawa tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi. Mustang GT mai kayan Performance Pack 255/40 R19 ce a gaba, 275/40 R19 a baya. Corvette C8 tana da 245/35 a rim 19 a gaba, 305/30 a rim 20 a baya. Irin wannan mota ba a juya mata taya daga baya zuwa gaba don su cinye tare, kuma na baya sukan riga ƙarewa. Sayen biyu kawai ba laifi ba ne idan irinsu ɗaya da na gaba, na gaban kuma ba su tsufa ba. A motar da duk huɗun girmansu ɗaya, idan biyu za a saya, baya ake sa sababbin, domin gaba idan ya zame direba yana iya gyarawa, baya idan ya zame motar juyawa take yi. Mai jan ƙafa huɗu irin Nissan GT-R ko Audi RS ba ta son bambancin tsayi tsakanin tayoyi, don yana wahalar da na'urar da ke raba ƙarfi, gyaranta kuma ya fi taya huɗu tsada.

Masu son ƙara girman rim su riƙe lissafi ɗaya: tsayin taya gaba ɗaya kada ya canza da fiye da kashi 3 cikin 100. Taya 255/40 R19 tsayinta kusan milimita 687 ne. Idan aka koma rim 20 da 255/35, tsayin yana nan inda yake. Amma idan aka sa 275/40 R20 don ta cika ido, ya zama milimita 728, ƙarin kashi 6. Agogon mota yana nuna 120 alhali ana kan 127, kuma Sahir da abin da ya gani yake aiki. Ban da wannan, na'urar hana zamewa za ta riƙa lissafi da tsayin da ba shi ne a ƙasa ba, tayar kuma za ta iya gogar jikin mota idan an cika sitiyari.

Yanzu an zaɓi taya, saura ɗauri, kuma a nan ne tayar riyal dubu da ɗoriya take lalacewa a hannun wanda bai saba da ita ba. Ba kowane shagon banshar na unguwa ke da na'urar wannan aiki ba. Gefen taya mai lamba 30 ko 35 yana da tauri ƙwarai. Idan aka tilasta shi da ƙarfen banƙara a tsohuwar na'ura, ko dai a karce rim, ko a yaga leɓen tayar ta ciki inda ba a gani, ko a karya na'urar auna iska da ke maƙale a gindin balf. Kafin a sauke ko noti ɗaya, a tambaya ko suna da na'ura mai hannayen danna gefe da bakin roba, a kuma ɗauki hoton kowane rim a gaban mai shago. Motar da ke ƙasa-ƙasa tana da wuraren da aka keɓe don jak, idan aka ɗaga ta a wani wurin daban za a lotsa ƙasanta. Abin da ake shafa wa leɓen taya don ta zame ta zauna man ɗauri ne na musamman, ba baƙin mai ba, ba giris ba, ba dizal ba, domin waɗannan cin roba suke yi. Idan an cika shi da yawa kuma, tayar za ta iya juyawa a kan rim da totur ɗin farko, balansin da aka yi ya tashi a banza.

Kafin a hura iska a duba fuska. Tayar da aka rubuta wa Outside, wannan gefen waje yake kallo ko a dama ko a hagu. Wadda ke da kibiya da kalmar Rotation, kibiyar gaba take nunawa idan mota na tafiya. Kuskure ne da ke faruwa ko a manyan shaguna idan layi ya yi tsawo da daddare. Ɗigon rawaya a gefen taya shi ne wurin da ta fi rashin nauyi, ana daidaita shi da balf. Ɗigon ja wurin da ta fi tudu ne, ana daidaita shi da alamar da ke kan rim idan akwai. Sai balansin, wato tarsis. A cire tsoffin darma duka, a goge cikin rim, a manna sababbi ta ciki maimakon a buga masu maƙalawa a baki. Idan na'ura ta nemi darma mai yawa ƙwarai a taya ɗaya, ba tarawa ake yi ba, sassauta tayar ake yi a juya ta a kan rim a sake gwadawa. Akwai na'urar da ke danna taya da wani gangan ƙarfe tana juyawa, kamar tana kan titi da nauyin mota, ita ce ke kama rawar sitiyarin da ke zuwa tsakanin 110 da 130 wadda balansin na yau da kullum ba ya gani. Ta cancanci ƙarin kuɗinta.

Ɗaure noti da bindigar iska har ta yi shiru shi ne abin da na fi ƙi a wannan sana'a. Kowace mota da adadin ƙarfin ɗaurin da take buƙata. Sababbin BMW nitan-mita 140 ne, Mustang daga 2015 kusan 204, Porsche mai noti ɗaya a tsakiya kuwa 600, da kayan aiki na daban. Ana kama notin da hannu tukuna, a ɗaure a tsallake-tsallake kamar zanen tauraro, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi. Ɗaurin da ya wuce kima yana miƙe ƙusar da noti ke kamawa, yana iya sa faifan birki ya fara rawa, kuma ranar da aka yi faci a hanyar Ɗa'if babu mai iya kwance shi da sifanar mota. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a koma a sake aunawa. Balf na roba sabo ake sawa, mai na'ura kuma a sauya masa zoben roba, a kuma saita na'urar a allon mota bayan an daidaita iska.

Kada a bar tsoffin tayoyin su tafi ba a karanta su ba, domin su ne za su faɗi halin ƙafafun motar. Idan tsakiya ya fi cinyewa, iska ta yi yawa. Idan kafaɗu biyu ne, ta yi kaɗan. Idan gefen ciki ne kaɗai ya sude har waya ta kusa fitowa alhali waje yana da kyau, saitin ƙafa ne. Motar gudu dama ana ɗan karkatar da saman tayoyinta ciki don kwana, amma abin da ya fi cin taya shi ne idan bakin tayoyin ya ɗan buɗe ko ya tsuke fiye da kima, sai ta riƙa jan jiki a kwalta a kowane mita. Tudun rage gudu da ramukan bayan ruwan sama sun isa su ɓata wannan saiti. Mizan, wato saiti, na ƙafa huɗu ake yi a ranar da aka sa sababbi, a karɓi takardar da ke nuna lambobi kafin gyara da bayansa. Idan shokozoba ko bushin ya mutu, shi ake fara gyarawa, in ba haka ba saitin ba zai zauna ba.

Naitirojin da ake talla ba cuta ba ne, amma iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Amfaninsa na gaske shi ne bushewarsa, domin iskar kwamfireso a Jidda cike take da laima. In an samu kyauta a sa, in taya ta yi ƙasa a hanya a cika da iskar da aka samu. Faci kuma yana da iyaka. Rami a tsakiyar zane da bai wuce milimita 6 ba ana gyara shi ta ciki bayan an sauke tayar an duba. Igiyar da ake cusawa ta waje ta isar da mutum shago ce kawai. Gefe da kafaɗa ba su da faci, kumburi a gefe kuma alamar igiya ta tsinke ne, tayar ta gama aiki. Tayar da ke tafiya ba iska, irin ta BMW da Corvette, yawanci kilomita 80 aka yarje mata da gudun da bai wuce 80 ba. Wanda ya sauya ta da ta yau da kullum don taushi da sauƙin kuɗi ya tuna cewa motar ba ta da sifiya, sai ya ajiye famfo da ruwan like a but.

Sabuwar taya tana fitowa da ɗan santsi a samanta, man ɗaurin kuma bai gama bushewa ba, don haka ɗaruruwan kilomita na farko a hankali ake yinsu. Ba ranar hawa hanyar dutsen Hada mai kwane-kwane kusa da Ɗa'if ba ce, balle tafhiɗ, wato wasan zamewa da mota, wanda tararsa ta farko riyal 20,000 ce, ta biyu 40,000, ta uku 60,000, ban da tsare mota. A ajiye rasiti mai ɗauke da girman taya da makon ƙera ta, shi ne hujja idan aibin masana'anta ya bayyana. Masu tafiya hutu Kano ko Damagaram su bar mota wata biyu a tsaye su sani cewa roba mai taushi tana yin kwanciya a wurin da ta zauna, sai a dawo a ji mota tana rawa. A wanke tayoyin, a ƙara musu psi 4 ko 5 ba tare da an wuce iyakar da aka rubuta a gefensu ba, a ajiye motar a inuwa, in akwai wanda zai riƙa gusar da ita kaɗan duk mako biyu ya yi. Ranar dawowa a mayar da iskar kan lambar jikin ƙofa kafin a hau babban titi.